Kukan Kurciya Jawabi Ne: Abin Da Mata Ke Nema A Dandalin Wasan Kwaikwayo



Batun da aka ɗora mini in yi magana a kansa yau batu ne mai nauyi, na kuma san akwai waɗanda da jin sunansa za su gyara zama. Shi ne yadda masu wasan kwaikwayo, a ƙasashe daban-daban da zamunna daban-daban, suka riƙa nuna mata suna neman abar bauta mace, watau wata mai iko a sama, ko a ruwa, ko a cikin ƙasa, wadda siffarta ta yi daidai da tasu, wadda za su kai wa kuka ta saurare su.

Kafin in yi nisa bari in share fage. Mafi yawanmu a nan Musulmi ne, akwai kuma 'yan'uwanmu Kirista, kowannenmu kuwa ya yi imani Allah ɗaya ne, ya kuma tsarkaka daga zama namiji ko mace. Wannan jawabi ba zai taɓa wannan imani ba. Sanin abin da maƙwabci ya yarda da shi daban, bin sa daban. Mu kuwa zama ya kama mu a tsakiyar mutanen da waɗannan labarai nasu ne. Wanda ke Sabon Oshogbo yana ganin taron da ake yi kowane watan Agusta a bakin kogin Oshun. Wanda ke Agege, ko Sabon Badun, ko Shagamu, 'ya'yansa na zuwa makaranta ana karanta musu wasannin da zan ambata. In yaro ya komo gida ya tambayi ubansa ma'anarsu, ya kamata uban ya sami abin da zai ce wanda ya wuce tsaki. Rashin sani, in ji Bahaushe, ya fi dare duhu. Dalili na biyu ya fi wannan girma: a ƙarƙashin waɗannan wasanni akwai wani kuka, kukan kuwa ya shafi gidajenmu.

Tun Daga Birnin Ur

Wannan nema ya girmi wasan kwaikwayo kansa. A ƙasar da muke kira Iraƙi yanzu akwai kangon wani birni mai suna Ur, wanda Attaura ta ce daga cikinsa Annabi Ibrahim, alaihissalam, ya fito. Wajen shekara 2300 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarki Sargon na Akkad ya naɗa 'yarsa Enheduanna ta zama shugabar ɗakin bautar wata a wannan birni. A 1927 masu haƙar kayan tarihi suka tono wani faifan dutse mai ɗauke da sunanta da siffarta. Ita ce ta farko a duk duniya, cikin maza da mata, da aka jingina wa rubutacciyar waƙa da sunanta.

A cikin wata doguwar waƙa da ake jingina mata, ta ba da labarin yadda wani ɗan tawaye ya kore ta daga muƙaminta ya wulakanta ta. Ta kai ƙara ga gunkin wata, wanda namiji ne a wurinsu, wanda ta daɗe tana yi wa hidima, bai ce mata uffan ba. Sa'an nan ta juya ga Inanna, abar bautarsu mace, mai kula da ƙauna da yaƙi. Ku riƙe wannan tsari da kyau, domin za mu sake gamuwa da shi: an zalunci mace, ta ƙwanƙwasa ƙofar maza an ƙi buɗewa, sai ta tafi neman wata ƙofa inda take zaton za ta tarar da mace 'yar'uwarta.

Girka: Maza Cikin Zanen Mata

Daga Iraƙi sai mu ƙetara zuwa ƙasar Girka, inda Turawa ke cewa wasan kwaikwayonsu ya samo asali. Girkawa suna da abar bauta ta hatsi mai suna Dimita, tana da 'ya guda, Fasifoni. A labarinsu, sarkin matattu ya sace yarinyar ya tafi da ita ƙarƙashin ƙasa da yardar ubanta, ba a ko shawarci uwar ba. Mu da sunanmu na wannan abu, auren dole. Uwar ta yi kwana 9 tana yawo ba ci ba sha, da ta gane abin da aka yi sai ta hana ƙasa tsiro, yunwa ta tasam ma halaka mutane. Dole aka yi sulhu, aka ce yarinyar ta riƙa yin sulusin shekara a wurin mijin, sauran a wurin uwarta.

Matan aure na birnin Atina suna da biki na kwana 3 kowace shekara, lokacin shuka, don tunawa da wannan uwa. Sukan bar gidajensu su kafa bukkoki, a rana ta biyu su zauna a ƙasa suna azumi kamar yadda Dimita ta yi baƙin ciki. Ba a yarda ko namiji ɗaya ya leƙa ba. To, amma da labarin ya hau dandali sai ya koma hannun maza. A Atina maza ne ke rubuta wasa, maza ne kuma ke fitowa a matsayin mata, suna sanye da fuskokin roƙo da tufafin mata. A shekara ta 411 kafin haihuwar Annabi Isa, Aristofanis ya yi wasan ban dariya a kan wannan biki: wai matan sun taru suna shirya yadda za su hukunta marubuci Yurifidis saboda ɓata musu suna a wasanninsa, shi kuwa ya aske wa wani tsoho danginsa gemu, ya ɗaura masa zane, ya tura shi ya yi masa leƙen asiri. Abin da mata ke yi da hawaye a ɓoye, ga shi ya zama abin ƙyalƙyala dariya a bainar jama'a.

Jamus: Ran Da Mata Suka Rera Nasu

An daɗe ƙwarai kafin a ji muryar matan da kansu. A ƙarni na 10, wata mai zaman ibada a Gandersheim ta ƙasar Jamus, Hrotsvitha, ta rubuta wasanni 6 da Latananci, ita ce mace ta farko da aka sani da wannan aiki a Turai. Bayanta, wajen 1151, Hildegard ta Bingen, shugabar wani gidan mata masu zaman ibada a bakin kogin Rhine, ta shirya wasa mai suna Ordo Virtutum, watau jerin kyawawan halaye. Hildegard Kirista ce, ba ta bauta wa wata gunkiya. Abin da ta yi shi ne ta ba kowane kyakkyawan hali siffar mace da muryar mace: Imani, Tsoron Allah, Haƙuri, Jinƙai, da sarauniyarsu Tawali'u. Ran ɗan Adam ma mace ce a wasan. Shaiɗan ya yaudare ta ta bi duniya, ta komo da raunuka, halayen nan suka karɓe ta, suka taru suka ɗaure Shaiɗan. Kowa a wasan waƙa yake yi sai Shaiɗan kaɗai, shi ba a ba shi karin waƙa ba, sai hargowa. Wannan kuwa a zamanin da malaman Turai da yawa ke koyar da cewa mace ce ƙofar da zunubi ya shigo duniya. Amsar Hildegard ke nan, ta kuwa ba da ita ba tare da ta fita daga addininta ba.

Ƙasar Yarbawa: Oshun, Oya Da Moremi

Yanzu mu komo inda muke zaune. Yarbawa suna da wani labari cikin hikimomin Ifa, cewa da aka aiko ababan bautarsu 17 su gyara duniya, 16 maza ne, Oshun kaɗai ce mace. Mazan suka riƙa shawara ba su kiranta. Duk abin da suka sa hannu sai ya lalace, ruwa ya ƙi sauka, haihuwa ta tsaya, har sai da suka koma suka ba ta haƙuri. Ko wanda bai yarda da Oshun ba ya ga darasin da ke ciki. A bikin Oshogbo har yanzu budurwa ce daga gidan sarauta, wadda ake kira Arugba, ke ɗaukar ƙwaryar hadaya zuwa bakin kogi, sarki da jama'a na biye. Kurmin da ake bikin ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a 2005. A yammacin ƙasar Yarbawa kuma akwai wasan dodanni na Gelede, wanda ake yi don girmama waɗanda suke kira iyayenmu mata da neman sanyin zuciyarsu. Sai dai a nan ma, kamar a Atina, maza ne ke cikin rigar dodon.

Wanda ya ɗauko waɗannan labarai ya kai su dandalin zamani shi ne Duro Ladipo na Oshogbo, wanda ya rasu a 1978. A 1963 ya fito da Oba Koso, labarin Shango Sarkin Oyo, wanda ya haɗa jarumansa biyu, Timi da Gbonka, faɗa, abin ya juyo kansa, jama'arsa suka watse suka bar shi. Matarsa Oya ce ta ƙarshe da ta rage tare da shi a hanyar gudun hijira. An kai wasan Balin a 1964, da Ingila a 1965. Wadda ta fito a matsayin Oya ita ce matar Ladipo, Abiodun, ta kuwa yi suna da wannan matsayi ƙwarai. Ga mace ta gaskiya a dandali, da muryarta, ba namiji cikin zane ba. Wani abin da zai ba ku sha'awa, kogin da muke kira Kwara, wanda motocinmu ke ƙetarewa a Jebba in za mu gida, Yarbawa Odo Oya suke ce masa, watau kogin Oya.

Ladipo ya kuma yi wasa a kan Moremi ta Ile-Ife. Wasu mahara masu shiga rigar tukurwa sun addabi Ife, mutane na zaton aljanu ne. Moremi ta je kogin Esimirin ta yi alkawarin in ta gano asirinsu za ta ba kogin duk abin da ya nema. Ta bari aka kama ta, sarkin maharan ya aure ta, ta gano mutane ne kamar kowa, wuta kuwa ita ce maganin rigarsu. Ta gudo gida, Ife ta yi nasara. Da ta koma cika alkawari, kogin ya ƙi rago, ya ƙi sa, ya ce sai ɗanta tilo, Oluorogbo. Ana tunawa da ita a bikin Edi, an sa sunanta a ɗakunan kwanan 'yan mata a jami'o'in Ikko da Ife, a 2016 kuma aka kafa mata mutum-mutumi mai tsawon ƙafa 42 a Ife. Duk da haka ɗanta bai komo ba.

Femi Osofisan ya sake duban wannan labari a wasansa Morountodun, wanda aka fara nunawa a 1979. Ya ɗora shi a kan boren manoma na Agbekoya, wanda aka yi a Jihar Yamma a 1968 da 1969 saboda haraji. Titubi, 'yar wata hamshaƙiyar 'yar kasuwa, ta ɗauki kanta Moremi ta zamani, ta yarda 'yan sanda su tura ta cikin manoma ta yi musu leƙen asiri. Da ta zauna da matan ƙauye, ta ci abin da suke ci, ta yi jinyar masu rauni, sai ta gane wahalarsu, ta kuma gane ita Moremi masu mulki ta yi wa aiki. Ta ajiye Moremi ta koma bayan manoma. Ta tafi neman abar koyi a cikin almara, sai ta same ta a wurin mata masu daka da surfe.

Amurka: Mata Bakwai, Launi Bakwai

Jikokin bayin da aka kwashe daga wannan gaɓar teku su ma sun yi nasu neman. A watan Disamba na 1974, a wani ɗan wurin shaƙatawa na mata kusa da Berkeley a Kalifoniya, wata baƙar fata mai suna Ntozake Shange ta fara nuna wani wasa da ake taƙaita sunansa da For Colored Girls, watau domin 'yan mata baƙar fata. A 1976 ya kai Broadway, babbar unguwar wasanni ta New York, aka nuna shi sau 742. Mata 7 ne a dandali, ba su da suna, kowace da launin rigarta ake kiranta. Waƙoƙi 20 ne da rawa, kowace tana faɗin abin da ya same ta: yaudara, fyaɗe, zubar da ciki, duka. Mafi muni shi ne labarin da mai jar riga ta bayar, na wani tsohon soja da yaƙin Biyetnam ya taɓa wa hankali, wanda ya saki 'ya'yansa biyu ta taga daga hawa na biyar a gaban uwarsu. Bayan wannan sai matan suka taru suka ɗora wa juna hannu, wasan ya ƙare da cewa abin bautar da suke nema a cikin kansu suka same shi, suka kuma kira shi da lamirin mace.

Mai imani zai ji wannan ƙarshe ya yi masa nauyi a kunne, da gaskiyarsa kuwa. Amma a dubi inda maganar ta fito. Mata ne waɗanda aka nuna wa hoton abin bauta a siffar Bature namiji, su kuwa ba Turawa ba, ba maza ba, waɗanda suka cuce su kuma sun haɗa da Turawa da mazansu na gida. Abin da suke faɗi a ƙarƙashin kalmar shi ne, mu ma halittu ne masu daraja, ba juji ba. A waɗannan shekaru ne wasu mata masana a Amurka, irin su Merlin Stone a littafinta na 1976, suka yaɗa ra'ayin cewa a farkon zamani abar bauta mace duniya ke bi, mata kuma na cikin daraja, sai daga baya maza suka ƙwace.

Shin Ta Biya Bukata?

A nan ne ya kamata mu tsaya mu auna. Masana tarihi da yawa, har da mata a cikinsu, ba su karɓi wancan ra'ayi ba, dalilinsu kuwa a fili yake. Birnin Atina sunan abar bauta mace ya ci, an kuma yi mata gunki na zinariya da hauren giwa mai tsawon kusan ƙafa 40. Amma matar Atina ba ta jefa ƙuri'a, ba ta tsayawa gaban alƙali da kanta, tana ƙarƙashin waliyyi tun daga haihuwa har mutuwa, doka ma ba ta yarda ta yi cinikin da ya wuce kimar buhun sha'ir guda ba. Misali na biyu kun fi ni saninsa. Larabawan jahiliyya suna bauta wa Lata a Ɗa'ifa, da Uzza a Nakhla, da Manata a hanyar Makka zuwa Madina, dukkansu mata, Alƙur'ani ya ambace su a Suratun Najmi. Su ne kuma mutanen da wasunsu ke binne 'ya'ya mata da rai, suna hana mace gado. Ashe mutum na iya durƙusa wa mace ta dutse da safe, ya tattake mace mai rai da maraice.

Abin da ya ba waɗannan wasanni daraja shi ne, mafi kyawunsu ba su ɓoye wannan ba. Dimita da duk ikonta ba ta karɓo 'yarta gaba ɗaya ba. Kogin da ya taimaki Moremi shi ya cinye ɗanta. A littafin Efuru na Flora Nwapa, na 1966, wanda labari ne ba wasa ba, Uhamiri ta tafkin Oguta tana ba masu bin ta kyau da dukiya, amma ba ta ba su haihuwa. A wasan Zulu Sofola, Wedlock of the Gods, na farkon shekarun 1970, an aurar da Ogwoma ga wanda ba ta so don a sami kuɗin jinyar ɗan'uwanta, da mijin ya mutu kuma ta koma ga masoyinta tun ba ta fita takaba ba, wadda ta yi mata asiri ta hallaka ta da sunan al'ada uwar mijinta ce, mace 'yar'uwarta. Sofola ita ce mace ta farko a Nijeriya da aka buga wa wasan kwaikwayo, ta kuma zama farfesa a Jami'ar Ilori.

Osofisan ya kai maganar ƙarshe a Women of Owu, watau matan Owu, wanda aka fara nunawa a Ingila a 2004, shekara guda bayan an mamaye Iraƙi, ƙasar Enheduanna. Owu birnin Yarbawa ne da rundunonin Ife da Ijebu da Oyo suka rusa a shekarun 1820. Wasan ya buɗe an kashe maza, mata na zaune a kango suna jiran a raba su ga mayaƙa. Suna kiran ababan bautarsu, ba su sani ba ashe Lawumi, wadda take kaka ce a gare su, ita ce ta jawo musu yaƙin don ta hukunta girman kan garin. Mai kallo yakan tashi da tambaya guda: in ita ma ba ta cece su ba, wa ya rage? Amsar ita ce mutane, watau shi mai kallon kansa.

Namu Na Gida

Kada mu ce wannan labarin wasu ne. Ƙasar Hausa ta san bori, ta san Inna, wadda ake kira Doguwa, da sauran iskokin da ake cewa suna zaune a Jangare. Kowane iska da kiɗansa na goge ko garaya, da tufafinsa, da irin tafiyarsa da muryarsa, shi ya sa masana a jami'o'inmu suka yi ta muhawara a kan ko bori wani irin wasan kwaikwayo ne. Mata ne suka fi yawa a cikinsa. A Gobir akwai sarautar Inna, mace daga gidan sarauta, ita ce shugabar 'yan bori. Ko a nan kudu, wani masani mai suna Abner Cohen da ya zauna a Sabon Badun a farkon shekarun 1960 ya rubuta cewa a lokacin maza sun rungumi ɗarikar Tijjaniyya, bori kuwa ya fi ƙarfi a tsakanin mata. Malamanmu sun yi hani da bori, hujjarsu kuwa sananniya ce. Tambayar da ta rage ita ce, me ya kai matan can? Macen da ba ta da bakin magana a gidanta, ran da aka ce iska ya hau ta sai kowa ya durƙusa, miji ya kawo abin da aka nema jiki na rawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ga wannan tsaga. A littafinsa Nurul Albabi ya zargi malaman da ke koyar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta ɗinke tsagar da aiki. Ta kafa 'Yan Taru, ta zaɓi dattijan mata daga ƙauyuka ta naɗa su jajis, suna zuwa wurinta su koyi karatu cikin waƙa, su koma su koya wa matan garinsu. Alamar da ta ba jaji ita ce malfa, irin wadda Innar Gobir ke sawa. Ta bar wa mata shugabancin da suka saba gani, ta sauya abin da ke cikinsa. Ta kuma yi waƙa ta jero mata salihai, tun daga iyalan Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, da Rabi'atul Adawiyya ta Basra, har zuwa matan zamaninta, don mace ta san akwai irinta a cikin makusanta Allah.

Addinin da muke bi bai bar mace a bakin ƙofa ba. Kalmar rahama da kalmar da Larabci ke kiran mahaifa da ita tushensu ɗaya. Duk alhajin da ke cikin wannan taro ya yi sa'ayi sau 7 tsakanin Safa da Marwa, sarki ne ko talaka, yana bin sawun Nana Hajara, uwa da ke neman ruwa don jaririnta. Wannan ibada ce, ba wasa ba, amma ta isa ta tuna mana matsayin da Allah ya ba kukan uwa. In mace ba ta san wannan ba, a tambayi wanda ya hana ta sani.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

'Yan'uwa, roƙona uku ne. Na farko, mu yi wa maƙwabtanmu adalci. In mun ga taron Oshun, ko 'ya'yanmu sun kawo littafin Moremi gida, mu bayyana musu abin da muka yi imani da shi, mu kuma bayyana musu abin da labarin ke nufi, ba da zagi ba. Baƙon da ya san al'adar masu masaukinsa ya fi zama lafiya, ya kuma fi iya riƙe tasa.

Na biyu, mu dubi gidajenmu. Matan da muka ɗauko daga Katsina, da Sakkwato, da Damagaram, muka kawo su Ikko da Anacha da Fatakwal, sun bar iyaye da dangi, da yawansu ba su jin harshen gari, duniyarsu ɗaki guda ce da tsakar gidan haya. In irin wannan mace ta yi kuka ba a ji ba, za ta nemi wata ƙofa, ko ta boka, ko ta ɗan bori, ko ta kotu, ko ta tasha. Makarantar Islamiyya ta matan aure a kowace unguwa, da barin yarinya ta gama karatunta, da neman yardarta kafin a ɗaura mata aure, sun fi wa'azi dubu a kan sharrin bori.

Na uku, ga iyayenmu mata da ƙannenmu. Littattafan wasan kwaikwayo na Hausa da aka fara bugawa, irin su Wasan Marafa da Jatau Na Kyallu da Uwar Gulma, maza ne suka rubuta su, har da waɗanda ke magana a kan wahalar mata. Alhali kuwa 'yan matanmu sun iya wasa tun suna ƙanana, duk wanda ya ga tashen Mairama da Daudu a watan azumi ya san haka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku rubuta naku, a makarantu da ƙungiyoyinku, cikin mutunci da harshenku, mu kuma mu zauna mu saurara.

Daga Ur zuwa Atina, daga Oshogbo zuwa New York, sunayen sun bambanta, amma kukan guda ne. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Allah ya sa mu cikin masu ganewa, ya ji ƙan iyayenmu mata, ya ba mu zaman lafiya da waɗanda muke zaune a cikinsu, ya kuma mai da kowa gida lafiya.